Darasi: Ƙara Iri a Filin Ciyawar da Ya Yi Sanƙo

Ƙarin iri shi ne yafa sabon irin ciyawa a kan filin da tun da farko yake da ciyawa, ba tare da an kife ƙasar da garma ba. Ana yin sa ne idan ciyawar ta sirance, tushiya ta yi nisa da tushiya, ƙasa ta bayyana a tsakani, amma akwai sauran abin kirki da bai kamata a hallaka ba. Tsohuwar ciyawa tana ci gaba da riƙe ƙasa, sabuwa kuma ta cike gurbi. Aikin ya fi sabon shuki sauƙi da arha, kuma ba ya barin fili tsirara a lokacin da ruwan damina ya fi ƙarfin kwasar ƙasa.

A yankin Funtuwa da Malumfashi, har zuwa Bakori, Ɗanja, Kafur da Dandume, noma ya cinye kusan duk inda garma za ta iya shiga. Tun daga 1975, lokacin da aka buɗe shirin bunƙasa aikin gona na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, takin zamani da ingantaccen irin masara suka yaɗu, barin gona ta huta ya yi ta raguwa. Yau masara, dawa, auduga, waken suya da shinkafa sun mamaye jigawa da fadama. Ciyawar da ta rage tana burtali, da hurumin gari, da iyakokin gonaki, da bakin rafi, da gindin duwatsu, da filayen makarantu. A kan waɗannan 'yan wurare ne shanun huɗa, da tumakin da ake kiwo don Babbar Sallah, da awakin mata suke dogara. Rashin tsaron da ya addabi dazukan yammacin yankin ya ƙara tattaro dabbobi kusa da gari. Baki ya yi yawa, fili ya yi kaɗan, shi ya sa gyaran ɗan abin da ke hannu ya zama sana'ar da ta cancanci a koya.

Abin da ke cinye ciyawa

Kafin a nemi iri, sai a gano abin da ya kashe na farko. Wanda ya yafa iri bai kawar da sanadin ba, baɗi zai tarar da filinsa yadda ya bar shi.

Ciyayin yankin kashi biyu ne. Akwai masu mutuwa kowace shekara, kamar kyasuwa, harkiya da burburwa, waɗanda ba su da hanyar dawowa sai ta irin da suka zubar da kaka. Idan aka yanke su ko dabbobi suka cinye su kafin iri ya nuna, shekara biyu ko uku a jere, sai su ɓace daga wurin. Akwai kuma masu daɗewa, kamar gamba, waɗanda ganyensu ke bushewa da rani amma tushensu yana raye. Gamba tana fitar da tohon farkon damina ne da abincin da ta adana a saiwa. Idan dabba ta cinye tohon, ta sake fitarwa, aka sake cinyewa, ajiyar tana ƙarewa, tushen ya mutu. Saboda haka kiwon makonnin farko na damina, lokacin da dabbobi suka fito daga yunwar bazara suna wawar duk wani kore, ya fi kowane kiwo ɓarna.

Na biyu shi ne tattaki. Ƙasar wannan yanki mai laushin ƙwaya ce; idan kofato ya danne ta tana jiƙe, ruwa kuma ya buga ta ba abin da ya rufe ta, sai ta yi ɓawo a sama. Ruwa ya daina shiga, ya riƙa gudu yana tafiya da iri. Ƙarshen wannan shi ne fako. Sai kuma wutar daji ta ƙarshen rani, wadda ke ƙone irin da ke kwance a bisa ƙasa. A shekarun nan an sami sabon sanadi: maganin feshi mai kashe kowace ciyawa. Manomi ya fesa gonarsa iska na kaɗawa, gambar da mahaifinsa ya dasa a kan iyaka ta ƙone har saiwa. Wannan asara ce da ba ta da dalili, domin taku biyu na nesantawa da jiran iska ta kwanta sun isa su hana ta.

Inda ciyawar kirki ta bar wuri, tafasa da ƙashin yawo ne ke gadonta. Tafasa tana da amfaninta a kwaɗo, amma idan ta rufe makiyaya, alama ce cewa an ci filin fiye da ƙarfinsa.

Auna fili

Ido yana ruɗi, musamman da damina da komai ke kore. Hanya mai sauƙi ita ce a ɗebi tsakuwa 100 a ratsa filin daga kusurwa zuwa kusurwa. A kowane taku sai a duba abin da ke gaban babban yatsan ƙafa: ciyawar da dabba ke ci, ko wadda ba ta ci, ko ƙasa tsirara. A tanadi gwangwani uku, a jefa tsakuwa a wanda ya dace. Idan an gama sai a ƙirga. Muddin ciyawar kirki ta kai wajen rabi, ƙarin iri ya wadatar. Idan ba ta kai kashi ɗaya cikin uku ba, ya fi kyau a nome wurin a yi sabon shuki. Ana ajiye wannan lissafi a rubuce, domin idan aka maimaita shi baɗi a irin wannan watan, shi zai nuna ko aikin ya ci.

Samun iri

Irin da ya fi dacewa da wuri yawanci yana nan kusa. Kyasuwa tana nuna a wajen watan Oktoba, gamba kuma daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba. Alamar nuna ita ce idan aka shafi kan ciyawar da hannu, iri ya biyo tafin hannu ba tare da an ja ba. Sai a yanke kawunan da lauje da safe, a tara su a inuwa kwana uku ko huɗu, a kakkaɓe a kan tabarma, a shanya har su bushe sarai. A zuba a buhun da iska ke ratsawa, a rataye inda ɓera da laima ba sa kaiwa. Leda tana sa iri ya yi gumi ya mutu. Irin gamba ba ya tsira da kyau yana sabo. Yana bukatar wasu watanni na kwanciya, kuma tsakanin kaka da damina ya ishe shi. Amma idan ya haura shekara a zafin ɗaki, ƙarfinsa yana faɗuwa sosai, don haka ba a ajiye shi damina biyu.

Irin ciyawa ba kamar na masara ba ne. Da yawa daga abin da ke cikin buhu ƙaiƙayi ne da ƙwayar da ba ta cika ba. Shi ya sa ake gwaji mako uku kafin shuka: a ƙirga ƙwaya 100, a shuka a kasko mai danshi, a ajiye a inuwa ana yayyafa ruwa. Bayan mako biyu zuwa uku a ƙirga abin da ya fito. Idan 40 suka tsira, iri ne mai kyau ga ciyawar da aka tara da hannu. Idan 20 ne, sai a ninka yawan da za a yafa. Idan bai kai 10 ba, a nemi wani.

Gamba ba ciyawar rainawa ba ce. Irin da aka ɗauka daga Shika, kusa da Zariya, a 1973 aka kai Kolombiya, shi ne aka fitar wa makiyayan can da na Barazil a 1980, kuma an shuka shi a faɗin ƙasa mai yawa, saboda yana jure fari da ƙasa marar ƙarfi. A arewacin Ostareliya kuwa, inda aka kai ta babu mai yanka ta don zana ko jinka, ta bazu har hukuma ta sa ta cikin ciyayi masu haɗari saboda zafin wutar da take haddasawa. A ƙasarta, inda dabba da lauje ke jiranta, matsalar ita ce ƙarancinta.

Ciyawa kaɗai ba ta riƙe dabba da rani, domin da zarar ta bushe sinadarin gina jiki da ke cikinta yana raguwa ƙwarai. Dangin wake su ne ke cike wannan giɓi, kuma ƙulle-ƙullen da ke saiwarsu suna ƙara wa ƙasa ƙarfi. Gadagi na gida yana cikin wannan dangi. Akwai kuma sitailo, ɗan asalin nahiyar Amurka, wanda ya karɓi ƙasar Arewa. A shekarun 1980 masu bincike sun yi aiki da Fulanin da suka zauna a yankin Kachiya a kan killataccen fili na kimanin hekta 4, ana yafa sitailo a cikin ciyawar daji, a bar shi har rani, sannan a riƙa shigar da shanun tatsa na awa biyu ko uku a rana. Cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ita ce wurin da aka fi sani da irin ciyayin kiwo a wannan ɓangare, kuma malaman gona na hukumar bunƙasa aikin gona ta Jihar Katsina, KTARDA, suna iya haɗa manomi da ita. Ƙwayar sitailo tana da ɓawo mai tauri. Ana jiƙa ta 'yan mintoci a ruwan zafin da aka sauke daga wuta, a tsame, a bar ta ta sha iska, a shuka a ranar.

Lokacin shuka

Ruwan farko na ƙarshen Afrilu ko na Mayu ba na shuka ciyawa ba ne. Sau da yawa yana zuwa ya ɗauke mako biyu, kuma tsiron ciyawa, wanda saiwarsa ba ta wuce zare ba, ba ya jure haka. A jira damina ta zauna, ƙasa ta sha har ciki. A yankin Funtuwa wannan yakan kama daga tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Yuli. Jinkiri ma yana da nasa laifin. Idan aka shiga marka a watan Agusta, tsohuwar ciyawa ta riga ta yi tsawo ta tare rana, ruwa mai ƙarfi yana kwashe iri, kuma abin da ya tsira ba zai samu wata biyu da rabin da yake bukata ya kafa saiwa kafin ruwa ya ɗauke a farkon Oktoba ba.

Wannan lokaci ya zo daidai da noman firi da sa taki, sa'ad da babu hannun da ke zaune. Shi ne babban dalilin da ya sa ake ɗage aikin har ya wuce. Maganin shi ne a gama duk abin da za a iya tun bazara: shinge, gwajin iri, tara taki, jera duwatsu. Ranar shuka kanta, ga ƙaramin fili, yammaci ɗaya ya isa.

Shirya ƙasa da yafa iri

Abu biyu iri ke nema: ya taɓa ƙasa, kuma tsironsa ya ga rana. Irin da ya faɗa a kan busasshen ganye ko a kan ɓawon fako abincin tururuwa ne da zabi.

Da farko a rage tsawon tsohuwar ciyawa, ko da lauje ko ta sakin dabbobi su ci ta ƙasa-ƙasa na kwana biyu ko uku. A tuge tafasa da ƙashin yawo tun ba su yi fure ba. Sannan a karce wuraren da suka yi sanƙo da manjagara ko bakin fartanya, a fasa ɓawon sama kawai. Idan filin yana da faɗi, ana iya jan garmar shanu sama-sama a yi layuka, tsakanin layi da layi taku ɗaya ko biyu, a bar ciyawar tsakani yadda take. Layukan su gitta gangare, kada su bi shi, in ba haka ba kowane layi zai zama hanyar ruwa.

Makiyaya suna da tasu dabarar, wadda masu binciken Kachiya ma suka ara: a kwanar da shanu a wurin dare biyu ko uku a farkon damina. Kofato ya fasa ɓawo, kashi da fitsari su zauna, sai a matsa da garken gaba a yafa iri a inda suka tashi. Kada dai a yi haka ƙasa tana caɓi, domin a lokacin danne ta za su yi.

Fako na gaske yana bukatar a fara tare masa ruwa. A jihohin Maraɗi da Tawa na Jamhuriyar Nijar an farfaɗo da filaye masu yawa ta hanyar haƙa rami mai siffar rabin wata, bakinsa yana fuskantar inda ruwa ke gangarowa, a tara ƙasar a bayansa, a zuba taki a ciki, a yafa irin ciyawa. A kudancin Katsina ruwa ya fi na can yawa, saboda haka ramin ba ya bukatar zurfi, kuma sau da yawa jerin duwatsu ko layin gamba a gicciye ya wadatar.

Irin gamba da na kyasuwa suna da gashi, ba su da nauyi, suna manne wa juna, iska kuma tana ɗauke su. A gauraya su da yashi mai ɗan danshi, awo ɗaya na iri da awo uku ko huɗu na yashi. A raba gaurayen biyu: a yafa rabi ana tafiya gabas da yamma, rabi kudu da arewa, don kada wani wuri ya samu da yawa wani ya rasa. Bayan haka a ja reshen ƙaya a kai, a bi da ƙafa a tattake. Zurfin kada ya wuce santimita 1 zuwa 2, wato bai kai gaɓar yatsa ba. Wanda ya saba da binne masara yakan so ya rufe iri sosai; ƙwayar ciyawa ba ta da abincin da zai fito da ita daga zurfi, a can za ta ruɓe.

Ga sitailo, ana lissafin kimanin kilo 10 a hekta ɗaya idan yafawa za a yi. Hekta murabba'in mita 10,000 ce. Filin da ke da tsawon mita 50 da faɗin mita 20 murabba'in mita 1,000 ne, wato kashi ɗaya cikin goma na hekta, don haka kilo 1 zai ci. Irin ciyawar da aka tara da hannu ba shi da tsayayyen awo. Sakamakon gwajin kasko ne ke faɗin yawansa.

Game da taki, kada a sa yuriya ranar shuka. Tsohuwar ciyawa mai saiwa ita za ta shanye ta, ta yi tsawo ta lulluɓe tsiron. Abin da ke taimakawa a lokacin shi ne takin gargajiya da ya ruɓe sosai, a barbaɗa shi siriri, da takin supa, wanda dangin wake ke matuƙar bukata a ƙasar nan. Idan tsiron ciyawa ya kai wata ɗaya da rabi, ana iya ba shi ɗan yuriya. Inda sitailo yake da yawa, a bar yuriya gaba ɗaya.

Wanda bai samu irin gamba mai kyau ba yana da wata hanya, kuma ta fi tabbas. A tono babban tushe a watan Yuli, a tsaga shi gida-gida, kowane yanki da saiwarsa da kara uku ko huɗu, a datse ganyen, a dasa a tazarar taku guda, a danne da diddige. Aikin ya fi yawa, amma tururuwa ba ta ɗauke dashe.

Hutun fili

A nan ne yawancin ƙoƙari ke lalacewa. Sabon tsiro ya fi tsohuwar ciyawa daɗi, kuma dabba ba ta yanke shi, tuge shi take yi. Awaki biyar a yini ɗaya sun isa su shafe aikin damina. Filin yana bukatar hutu na wata biyu zuwa uku. Gwajin shi ne a kama tsiro a ja da yatsu: idan ya fito da saiwarsa, lokaci bai yi ba, idan ganyen ya tsinke tushen ya zauna, ya kafu. A tsakanin nan, idan tsohuwar ciyawa ta rufe shi, a yanke ta da lauje sama da kan tsiron a kai wa dabbobi a turke.

Al'adar ɗaure dabbobi da damina tana taimakawa ƙwarai. Haɗarin yana zuwa ne bayan girbi, sa'ad da aka sake su, daidai lokacin da gamba ke zubar da iri. A shekarar farko ya kamata a bar sabuwar ciyawa ta yi iri ta zubar kafin a taɓa ta. Daga nan idan za a yanka gamba, a bar mata tsawon taƙi guda a ƙasa. Da shigowar hunturu a share hanya mai faɗi kewaye da filin don tare wuta.

Filin makaranta da farfajiyar gida

Ƙa'idar ɗaya ce, ciyawar ce ta bambanta. Inda ake wasa ko zama ana son mai rarrafe, mai jure tattaki, kuma a ƙasar nan kiri-kiri ce. Ta fi saurin kamawa ta dashe. A filin ƙwallo, gaban raga da tsakiya ne ke fara yin sanƙo, ƙasarsu kuma takan yi tauri fiye da ko'ina. A sassaƙe ta da fartanya, a cike kwarin da ƙasa mai gauraye da yashi da ruɓaɓɓen taki, a yanko jijiyoyin kiri-kiri daga gefen fili a dasa su taƙi-taƙi, a bar kan kowace a waje. Dogon hutun makarantu, daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, ya faɗa cikin ruwa, kuma ciyawar da aka dasa da jijiya tana jure marka. Abin da ya rage shi ne a roƙi samarin unguwa su matsar da ragarsu wani gefe har wurin ya rufe. A farfajiyar gida mai rijiya ana iya dashe da rani, a riƙa ba da ruwa kaɗan-kaɗan safe da yamma, amma a tsakiyar sanyin hunturu kiri-kiri ba ta yaɗuwa da sauri.

Filin jama'a

Mutum ɗaya yana iya gyara iyakar gonarsa. Hurumi da burtali kuwa na kowa ne, kuma babu wanda zai killace su shi kaɗai a zauna lafiya. Dokar makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965 ta ba da damar keɓe filayen kiwo, amma keɓewa ba ta tsirar da ciyawa. Sai masu amfani da wurin sun yarda da hutunsa. Zaman ya haɗa da mai unguwa, da dagaci, da arɗo, da masu yankan ciyawa na sayarwa, da matan da awakinsu ke kiwo a wurin, a kuma yi shi tun bazara. Burtali hanya ce, ba a toshe shi. Gefensa kawai ake gyarawa a bar wa dabbobi tsakiya. Hurumi kuwa ana raba shi uku, a rufe kashi ɗaya kowace damina, a ci gaba da kiwo a biyun. Irin da za a yafa a kashi na biyu ana tara shi ne da kaka daga kashi na farko, a bar sauran ya zuba, don haka shekarar farko kaɗai ake neman iri daga waje.